Likita ya ce ciwon yayata "mai cin istirojin" ne, wai da gaske akwai istirojin mai kyau da mugu?

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani a cikinmu ku taimaka min, kwana uku kenan ban yi barcin kirki ba. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 47, aka gano tana da sankarar mama wata huɗu da suka wuce, an yi aiki an cire, yanzu sakamakon tsokar da aka aika awo ya fito an rubuta ER da alamar tarawa a gabansa, likitan ya ce nata irin wanda istirojin, wato sinadarin homon da gidan ƙwan mace ke fitarwa, ke ciyar da shi ne, bayan ta gama kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, za ta sha wata ƙwaya tamoksifen shekara 5 ko ma fiye. To ni yanzu kaina nake ji. Akwai wata mata a unguwarmu kullum tana sakawa a status wai istirojin kala biyu ne a jikin mace, mai kyau da mugu, hanta ce ke rabawa, in hantarki ta yi datti sai mugun ya taru ya zama daji. Tana sayar da wani kafso DIM wai daga kabeji ake yinsa, kwalba ɗaya 35,000, har da gwajin fitsari da ake turawa ƙasar waje a gano wanne ya fi yawa a jikinki. Da na yi mata magana ta ce maza in daina cin awara in daina maganin tazara in sayi kwalba biyu, ɗaya tawa ɗaya ta Yaya. Ni shekarata 38 yarana 4. Gaskiya ne ko ya abin yake? Wallahi tsoro nake ji

Bakatsiniya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya ya sa kaffara ne. Kar ki saya tukun, ki jira masu asibiti su zo

Hajiya_Babba:
Innalillahi. Allah ya yaye mata. Mu dai a zamaninmu ba mu san wannan ciwo da yawa haka ba, tuwon dawa da miyar kuka muke ci mu yi daka mu yi surfe mu ɗebo ruwa, yanzu kuwa komai na gwangwani da leda. Ni a ganina abinci ne ya kawo

MaiHarhaɗaMagani:
Wslm Maman Haidar. Allah ya ƙara wa Yaya sauƙi. Kafin komai, wannan kafson kar a ba Yaya, ko kyauta aka kawo. An yi gwaji a Amurka aka ba matan da ke shan tamoksifen DIM, sai aka tarar sinadarin da tamoksifen ke rikiɗewa ya zama a cikin jini, wanda shi ne ke yin ainihin aikin, ya ragu. Kin ga kenan kin kashe kuɗi kin kuma rage wa maganin da aka tabbatar da shi ƙarfi.

Maganar hanta kuma matar ta ɗauko gaskiya ne ta yanke ta rabi. Eh hanta ce ke sarrafa istirojin kafin jiki ya fitar da shi, kuma hanya uku take bi da shi, masana sun sa musu lamba, hanyar 2 da hanyar 4 da hanyar 16. Wanda ya bi ta 2 ƙarfinsa ya ragu sosai, shi ne 'yan kasuwa ke kira mai kyau. Wanda ya bi ta 16 yana nan da ƙarfinsa yana iya zuga ƙwayoyin halittar mama su hayayyafa. Na 4 kuma a ɗakin gwaji an ga yana iya komawa wani abu mai lalata DNA, wato kundin gadon da ke cikin ƙwayar halitta, in jiki bai yi saurin kashe kaifinsa ba. Bayan nan hanta ta ɗaure su da wani sinadari don su narke a ruwa, wasu su fita ta fitsari wasu ta ruwan matsarmama su gangara hanji su fita a bayan gida, har ma akwai ƙananan halittun hanji da ke kwance ɗaurin wani kaso ya sake komawa jini. Duk wannan ilimi ne na gaske ana karantawa. Inda aka shigo da ƙarya shi ne wai in kin sha kafso kin karkatar da shi zuwa hanyar 2 to kin tsira daga daji, wannan babu gwajin da ya nuna haka a jikin mutane.

Maman_Haidar:
@MaiHarhaɗaMagani Allah ya saka da alheri Malam, wallahi saura kiris in kai mata kuɗin gobe da safe. To ni da ba na shan tamoksifen ɗin fa, in na sha zai cutar da ni?

Ɗalibar_Likitanci:
Slm. Ni ɗaliba ce ban gama ba amma ina so in ƙara a kan abin da Malam ya faɗa, kar a ce maganar 2 da 16 ɗin tatsuniya ce gaba ɗaya. Cibiyar binciken daji ta gwamnatin Amurka ta fitar da bincike a 2012 a kan matan da al'ada ta ɗauke musu, suka ga waɗanda jikinsu ya fi bi ta hanyar 2 haɗarinsu ya ɗan fi ƙasa. Sai dai wasu binciken da aka yi kafin nan da gwajin fitsarin ba su samu abu ɗaya ba, wannan ya gani wancan bai gani ba. Shi ya sa babu asibitin daji da zai tura ki gwajin fitsarin nan don ya gaya miki haɗarinki

MaiHarhaɗaMagani:
@Ɗalibar_Likitanci haka ne ƙanwata, na yarda. Amma ki lura, a ga mata masu kaza sun fi tsira daban, a ce in an ba mace kafso ta zama mai kaza za ta tsira daban. Na biyun ne ake sayar wa mutane kuma shi ne babu hujjarsa. @Maman_Haidar ba zan ce miki guba ba ne, amma kuɗin nan in kika kai su awon mama sun fi miki amfani nesa ba kusa ba. Kabejin kuma ki saya a kasuwa ki yi kwaɗo ki ci abinki

Anti_Mai_Awara:
Ni dai maganar awarar nan ce ta tsaya min a rai. Shekara 14 ina suyar awara a ƙofar gida da ita na aurar da 'ya'ya biyu, yanzu wata biyu kenan mata suna wucewa suna cewa wai tana sa ciwon daji tana hana maza haihuwa, cinikina ya ragu. Dan Allah ku gaya min gaskiya in cutar da mutane nake in daina, ba zan ci haram ba

Ungozoma_Funtuwa:
Anti ki ci gaba da sana'arki da izinin Allah. Waken suya yana da wani abu mai kama da istirojin a siffa amma raunanne ne ƙwarai, ba ɗaya suke da na jikin mace ba. Mutanen Sin da Japan da suka fi kowa cin waken suya tun suna yara ba su fi Turawa yawan sankarar mama ba, ƙasa da su suke. A Shanghai an bi mata kusan dubu 5 da suka riga suka yi ciwon, sakamakon ya fito a 2009, masu cin waken da yawa ciwon bai fi dawo musu ba, har ma sun ɗan fi sauran. Abin da kawai ake cewa a guje shi ne kafso-kafson da aka tace sinadarin aka tara shi da yawa. In akwai abin da zan ce ki duba to man suya ne, kar ya yi ta maimaituwa har ya yi baƙi, wannan kuma don lafiyar zuciya ne

Anti_Mai_Awara:
Alhamdulillah. Sista Allah ya biya ki, har hawaye na yi

Ummu_Sumayya:
Ni akwai abin da ban gane ba. Kullum ana cewa haihuwa da shayarwa suna kare mace. Gwaggona ta haifi 9 kowanne ta shayar da shi shekara biyu cur kamar yadda Alƙur'ani ya faɗa, ba ta taɓa shan ƙwayar tazara ba, ba ta da ƙiba, amma sankarar mama ce ajalinta tana da shekara 44. To ina kariyar take? Shi ya sa ni duk bayanin nan ba ya shiga ta, abu in Allah ya ƙaddara kawai ya ƙaddara

Likita_Sadauki:
Salam. Na shigo a makare, yau ranar asibitin masu zuwa su koma ce. Allah ya jiƙan Gwaggo ya ba Yayar Maman Haidar lafiya.

Ummu Sumayya tambayarki ita ce wadda ni ma ta fi damuna a aikin nan. Kariyar gaskiya ce amma ragi ce ba katanga ba. Masana a Oxford sun tattara bayanan mata daga ƙasashe 30 suka fitar a 2002, kowace haihuwa tana rage haɗarin da kusan kashi 7 cikin 100, kowane wata 12 na shayarwa kuma ya ƙara ragewa da kashi 4.3. Kin ga in an tara ragi ne mai yawa amma bai kai sifili ba. Dalilin kuwa yana komawa ga istirojin ɗin da muke magana, duk wata da mace ta yi al'ada sinadarin yana hawa ya taɓa ƙwayoyin halittar mama su rarrabu, kuma duk rarrabuwa dama ce ta kuskure. Wadda ta fara al'ada da wuri tana 11 ta kuma daina a makare tana 55 ta fi tara waɗannan watannin a kan wadda ta fara tana 15 ta daina tana 47. Shayarwa tana dakatar da al'ada na wani lokaci, cikin fari da wuri kuma yana sa ƙwayoyin mama su nuna su kammala.

Amma ga inda Gwaggo za ta iya shigowa. Ba kowace sankarar mama ce ke cin istirojin ba. A Turai da Amurka kusan 7 zuwa 8 cikin 10 suna ci. A wajenmu Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya ce da ke jami'ar Chicago, ita da abokan aikinta sun duba tsokokin mata a Najeriya da Senegal suka ga kaso mai yawa ba sa cin istirojin sam, kuma irin wannan ya fi kama mata masu ƙananan shekaru ya fi saurin yaɗuwa. Daga baya wasu sun nuna wani ɓangare na yawan nan daga yadda ake ajiye tsokar ne, in ta daɗe ba a sa ta a ruwan magani ba alamar ER tana ɓacewa a ga kamar babu, amma duk da haka irin yana da yawa a cikinmu. Wannan nau'in ko da hantarki ta fi ta kowa aiki ba ruwansa.

Ƙaddara kuwa duk mun yi imani da ita, neman magani ma cikinta yake.

Ummu_Sumayya:
Na gode Likita. Ita kam ba a ma yi mata wannan awon ba, sai da ya fashe aka kai ta

Hajiya_Babba:
Ai daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura, haka muka taso muka ji. Maƙwabciyata ana yi mata aiki wata shida ba ta ƙara ba

Ungozoma_Funtuwa:
Hajiya da girmanki amma wannan maganar ita ce ke kashe mana mata wallahi, ina faɗa ne da ciwon zuciya don na gani da idona ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Mace za ta ji ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa ta ɓoye, ta shafa wannan ta sha wancan shekara guda, sai ya kai girman lemo ya fashe yana wari hammata ta cika da kaluluwa sannan a kawo ta, a lokacin ya riga ya tafi huhu ko ƙashi ko hanta, in aka yi aiki ta rasu sai a ce wuƙa ce. Ba wuƙa ba ce Hajiya, jinkiri ne. Mafi yawan matanmu sai ciwon ya kai mataki na 3 ko na 4 suke zuwa. Ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya na 2022 mata sama da dubu 30 ne suka kamu a Najeriya a shekarar, waɗanda suka rasu kuma kusan rabin wannan adadin, alhali a ƙasashen da ake zuwa da wuri mafi yawa suna rayuwa

Hajiya_Babba:
To Allah ya sa mu dace. Ita kam gaskiya ta daɗe tana ɓoyewa, ko mijinta bai sani ba sai da warin ya fito

Baban_Ikram:
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri namiji ya sa baki. Matata shekara 3 kenan tana shan tamoksifen kuma alhamdulillah tana nan lafiya tana zuwa makarantar da take koyarwa. Abin da nake so in gaya wa Maman Haidar ki gaya wa mijin Yaya ya tsaya mata a kan ƙwayar nan, don akwai wahala, zafi yana taso mata cikin dare ta jiƙe sharkaf da gumi ko da sanyi ake, ga saurin fushi, akwai lokacin da ta ajiye maganin sati uku ban sani ba sai da na ga kwalin bai ragu ba. Muka koma wajen likita ya zaunar da mu ya ce shekara 5 na maganin nan yana rage dawowar ciwon kusan rabi. Tun daga ranar ni nake miƙa mata da hannuna bayan sallar isha'i

Maman_Haidar:
@Baban_Ikram Allah ya saka maka ya bar ku tare. Zan tura wa mijinta wannan saƙon yadda yake

Likita_Sadauki:
Allah ya yi albarka Baban Ikram. In ƙara kaɗan, tamoksifen ba ya rage istirojin a jini, zuwa yake ya toshe inda istirojin ke zama a jikin ƙwayar dajin, kamar a karya makulli a cikin kwaɗo, mai makullin gaske ya zo ya rasa wajen sawa. Kuma shi ma hanta ce ke juya shi ya zama mai ƙarfi, shi ya sa wasu magungunan damuwa irin su paroksetin da fuluoksetin suke rage masa aiki, duk likitan da zai rubuta wa Yaya magani ta gaya masa tana kan tamoksifen. In ta ga jini ta gaba wanda ba ta saba ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ta zo asibiti a ranar. Kuma ba a ɗaukar ciki a kansa.

Dabarar ma tsohuwa ce. Tun 1896 wani likitan fiɗa a Glasgow mai suna George Beatson ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mata mai sankarar mama gidan ƙwai ya ga ciwon ya ja baya, a lokacin ko sunan istirojin ba a sani ba.

'Yar_Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari, ina biye da ku daga Zinder. Ni tambayata maman tawa shekara 61 al'ada ta ɗauke mata tun da daɗewa, amma lokotoro a Yamai ya ce nata ma mai cin istirojin ne ya ba ta letrozol. To ina ta samo istirojin ɗin tunda gidan ƙwai ya daina aiki? Mun yi ta gardama da ƙannena wasu na cewa kuskure aka yi

Ɗalibar_Likitanci:
@'Yar_Damagaram ba kuskure ba ne Yaya. Bayan al'ada ta ɗauke kitse ne ke karɓar aikin. Akwai wani sinadari aromates a cikin kitsen jiki, shi ke ɗaukar homon ɗin da wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda suke fitarwa ya mayar da shi istirojin. Letrozol da anastrozol aikinsu su kashe wannan aromates ɗin, shi ya sa ake ba wa wadda al'adarta ta tsaya, mai al'ada kuma ba ya yi mata shi kaɗai don gidan ƙwanta na nan yana aiki. Ku dai kula da ƙashin Mama, maganin yana sa ciwon gaɓoɓi yana rage ƙarfin ƙashi

Bakatsiniya:
Kai. Kenan ƙiba ma tana ciki?

Likita_Sadauki:
Tana ciki sosai bayan ɗaukewar al'ada. Yawan kitse yawan aromates, sannan ƙiba tana rage wani furotin da hanta ke yi wanda ke riƙe istirojin a jini ya hana shi yawo sakaka. An auna jinin mata da al'ada ta ɗauke musu aka bi su shekaru, waɗanda istirojin ɗinsu ya fi yawa haɗarinsu ya kusa ninka na waɗanda nasu ya fi ƙasa. In akwai "gyaran istirojin" na gaskiya da mace za ta yi da kanta to shi ne wannan, ta hana teɓa taruwa in shekaru sun ja, ta motsa jiki ko minti 150 ne a sati, ta nisanci giya. A nan maganar Hajiya Babba ta farko tana da ƙamshin gaskiya, ba tuwon dawar kaɗai ba, dakan da surfen da tafiyar ƙafar

Amaryar_Gobe:
Wayyo ni kuma ana ta ɗura min hulba da kunun gyaran jiki da wata ƙwaya wai in ciko kafin biki, har da man shafawa na ƙarin mama da aka kawo daga Kwatano babu ko rubutun abin da ke ciki 😭

MaiHarhaɗaMagani:
@Amaryar_Gobe ƙwayar ki ɗauki hotonta ki nuna wa mai ilimin magani yau ɗin nan. Yawancin abin da ake kira sha ka fashe deksametason ne ko sifroheftadin, na farkon kumburi yake sawa ba lafiya ba, yana kawo ciwon suga da hawan jini ya cinye ƙashi, kuma in kin daɗe kina sha ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa. Man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba kuma ki ajiye, fata tana shanye homon in an zuba a ciki kuma ba ki da hanyar sani. Hulba a abinci ko shayi ba ita ce damuwata ba

Malam_Na_Tudu:
Ni dai ina ganin duk wannan abin ƙwayoyin tsarin iyalin nan ne suka jawo, Turawa sun kawo mana sun zuba wa matanmu homon, yanzu kuma ana mamaki

Ungozoma_Funtuwa:
Malam Gwaggon Ummu Sumayya ba ta taɓa sha ba, ka karanta sama. Amma ba zan ɓoye ba don kullum ina gaya wa matan da nake ba wa, eh akwai ɗan ƙari. A Denmark an bi mata miliyan 1.8 aka fitar a 2017, masu amfani da hanyoyin homon haɗarinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, in an mayar da shi lissafin kai mace 1 ce ƙari a cikin kusan 7,700 a shekara. In an daina yana raguwa a hankali. Ita kuma ƙwayar tana rage sankarar gidan ƙwai da ta cikin mahaifa. Sai ka ɗora wannan a sikeli da matar da ke haihuwar kunika jininta ya ƙare, mu da ke ɗakin haihuwa mun san wanne ya fi ɗauke mana mata

Malam_Na_Tudu:
Kashi 20 ai ba kaɗan ba ne Sista. Ni ban gamsu ba gaskiya

Ɗalibar_Likitanci:
Malam kashi 20 na abin da dama ƙanƙani ne a mace 'yar shekara 25 ko 30. In haɗarin 10 ne cikin dubu goma ya koma 12 kenan, misali nake bayarwa ba adadin gaske ba

Malam_Na_Tudu:
Biyun nan da suka ƙaru ai 'ya'yan wasu ne. Allah dai ya kare

Maman_Haidar:
To ni da yayata ke da shi fa Sista? Ashana ce a hannuna yanzu shekara biyu, kafin nan ƙwaya na sha. In je a cire?

Ungozoma_Funtuwa:
Kar ki yanke hukunci a waya Maman Haidar. Ciwon 'yar uwa shi kaɗai ba ya haramta miki, wadda aka hana ita ce mai ciwon da kanta. Amma tunda hankalinki bai kwanta ba ki je a zauna da ke, akwai robar mahaifa ta jan ƙarfe wadda babu homon ko ɗigo a cikinta tana kai shekara 10, in ta dace da ke sai a canza. Kar dai ki cire ki zauna haka

Likita_Sadauki:
Na goyi bayan Sista. Maman Haidar abin da ya fi kafso da gwajin fitsari muhimmanci a wajenki tarihin gidanku ne. Wadda uwarta ko 'yar uwarta ta jini ta yi ciwon haɗarinta ya kusa ninki biyu, amma ki riƙe wannan, mafi yawan masu irin tarihin nan har su tsufa ba sa kamuwa. Ki zauna da tsofaffin gida ki tambaya, ɓangaren uwa da na uba duka don ta wajen uba ma ana gado, wa ta taɓa ciwon mama, wa ta rasu da kumburin ciki da aka ce na mahaifa ko gidan ƙwai ne, tana shekara nawa, akwai namijin da ya yi ciwon mama, don maza ma suna yi kusan 1 cikin 100 na masu ciwon. In aka samu biyu ko uku musamman 'yan ƙasa da 50 to ana zargin an gaji lahani a ƙwayoyin gadon da ake kira BRCA1 ko BRCA2, kuma binciken da aka yi a Ibadan ya nuna kusan 1 cikin 10 na masu ciwon a can suna ɗauke da shi. Ki je babban asibiti a duba ki da hannu, a tsara miki lokacin fara hoton mama, da yake Yaya ta kamu tana 47 ba sai kin jira kin kai shekarunta ba. Manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato duk suna ganin masu wannan matsalar

Maman_Haidar:
Yanzu da ka faɗa na tuna ƙanwar babanmu ta rasu tun ina firamare, an ce cikinta ne ya kumbura ya cika da ruwa, ba ta kai 50 ba. Mu dai ce mana aka yi sammu ne. Zan kira Inna in tambaye ta da kyau

Likita_Sadauki:
Ki tambaya, kuma ki gaya wa likitan Yaya wannan ko da ba ku tabbatar ba. Kumburin ciki da ruwa yana iya zama hanta yana iya zama gidan ƙwai

Uwar_Biyu_Kumasi:
Gaisuwa daga Zongo. Ni ina shan DIM ɗin nan wata biyar kuma gaskiya ciwon maman da nake ji kafin al'ada ya ragu, ba zan ce ƙarya ba ne duka. Fitsarina dai ya canza kala ya yi duhu

MaiHarhaɗaMagani:
Canjin kalar fitsarin an san shi da shi Hajiya. Ban musa abin da kika ji a jikinki ba, amma raguwar ciwo kafin al'ada ba shi ne shaidar an kare ki daga daji ba, kar ya sa ki daina duba kanki. In kina shan wani magani na kullum ki gaya wa likitanki kina haɗawa da shi

Uwar_Biyu_Kumasi:
Ina dubawa duk wata bayan wanka in sha Allah. Amma ni zan ƙarasa kwalbar da na saya

Bakatsiniya:
Dan Allah Sista ki yi mana bayanin yadda ake duba kan, wasu cewa suke a tsaye wasu a kwance. Kuma mai shayarwa fa ya za ta bambance da daskarewar nono? Ƙawata wata bakwai ana ce mata nono ne ya kwanta

Ungozoma_Funtuwa:
Wata bakwai?? Ta je gobe dan Allah, kar ta jira yaye. Nonon da ya kwanta kwana kaɗan yake yi in ana gasawa yaro na tsotsa ya sake, duk ƙullutun da ya wuce sati biyu a mai shayarwa sai an yi sikanin. Bayanin dubawar zan yi shi da murya in na sauka daga aiki, rubutu ba zai isa ba

Maman_Haidar:
Na gode muku duka Allah ya bar zumunci. Matar kafson ta sake kira na yanzu wai an kusa ƙarewa in yi sauri, na ce mata na fasa na Yaya. Nawa ne har yanzu zuciyata ke raya min ko in gwada ɗaya tunda Uwar Biyu ta ce ta ji daɗinsa. Inna ba ta ɗaga waya ba, sai bayan magariba zan sake kira